Kawu Ya Ce Motar Gawa Na Kira Masa

Malam, ka agaje ni kafin a watso mini kayana waje.

Ina ƙasar mutane, ɗaki ɗaya da ƙanen mahaifiyata, muna aikin lodi a wani sito. Shi ya kawo ni, kuma kullum sai ya yi mini gori. Wata safiya yana ɗaure takalmi ya dafe ƙirji, gumi ya karyo masa, hannun hagu ya yi nauyi. Wai ƙwarnafi ne, in shafa masa man zafi. Da na ambaci motar asibiti, ya ce ba zai shiga motar gawa da ransa ba, a jira abokinmu direba ya sauke kaya ya dawo. Na kira abina.

Likita ya ce jijiyar zuciya ce ta toshe, an buɗe ta a kan kari. Tukuicina? An fito da shi daga shi sai singileti, wani magulmacin maƙwabci ya ɗauki hoto ya yaɗa, kafin la'asar an fara yi wa matarsa ta'aziyya a gida. Yanzu wai na kashe shi a idon duniya. Ya ce ko in rantse idan abin ya dawo direba zai kai shi, ko in nemi wani ɗaki. Ba mugu ba ne, amma wallahi na gaji. In rantse?

Gajiyayye

Ɗan'uwa, kada ka rantse.

Kawu na da tasa gaskiyar. Wataƙila bai taɓa ganin motar nan ta mayar da mutum gida da rai ba, kuma dattijo a singileti gaban jama'a ba daɗi. Amma idan jijiya ta toshe, naman zuciya mutuwa yake ta yi, ba ya jiran a gama sauke kaya. A motar asibiti tun a hanya ake fara aiki: a duba bugun zuciya, a sanar da asibitin da ke iya buɗe jijiyar, idan zuciyar ta tsaya a tayar da ita da na'ura. Direbanku fa? Hon ɗin mota kawai gare shi, sai salati.

Ka ba shi haƙuri kan singileti, ba kan kiran ba. Ka roƙi likitansa ya yi masa bayani a gabanka. Sannan ka rataye rigarsa mafi kyau a bayan ƙofa, ka gaya masa ita ce rantsuwarka: idan za a sake fita da shi, da mutuncinsa zai fita. In duk da haka ya kore ka, kama ɗaki kusa, inda za ka riƙa jin tarinsa.

Allah ya ƙara masa lafiya, ya daɗe yana yi maka gori.