Jarumar da aka sa ni nema mahaifiyata ce

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara kafin ranar Asabar, domin idan Asabar ta wuce ba sauran abin da shawara za ta gyara. Ki yi haƙuri idan na yi ta zagaye, kaina ba a daidai yake ba.

Bara na gama jami'a. Bayan dogon zaman jira na samu aiki a wata ƙaramar cibiya da ke tattara tsofaffin finafinai, irin waɗanda mutane suka haɗa da ƙarfin aljihunsu, ba kamfani a bayansu, ba talla, aka ɗan kalla aka manta. Mu huɗu ne a ofis. Aikina in saka kaset, in kalla, in rubuta abin da ke ciki. Duk wata muna zaɓar fim ɗaya mu haska wa jama'a a zauren da ke ƙasan ofishinmu. Har yanzu ina lokacin gwaji, ba a tabbatar da ni ba.

A cikin wani kwali da ruwa ya taɓa na ci karo da fim ɗin da ya jefa ni cikin wannan hali. Labarin wata budurwa ce mai wanki a asibiti. Wani majiyyaci ya rasu, ba wanda ya zo, sai ta ɗauki rigarsa ta shiga gari neman danginsa. Ba waƙa, ba faɗa, ba wanda ya yi arziki a ƙarshe. Hoton ya dushe, fuskoki ba sa fita, muryoyi kamar daga cikin rijiya. Duk da haka na kasa tashi har ya ƙare. Ni na je wajen Oga, shugaban cibiyarmu, na dage sai an haska shi. Ya ce fim ne mai sa gyangyaɗi, na ce ya ba ni dama ɗaya. Ya ba ni. Wannan ne karo na farko da za a sa abin da na zaɓa, kuma ni zan tsaya gaban mutane in gabatar.

Oga yana da ƙa'ida: ba a haska fim sai an nemo waɗanda suka yi shi an zaunar da su a layin gaba. Daraktan ya rasu. Mai ɗaukar hoton yana nan, ya tsufa sosai, na same shi ta waya. Jarumar ce ta gagara. Sunan da ke jikin fim ɗin na aro ne, kuma ba ta sake fitowa a wani fim ba. Oga ya ce nemanta aikina ne.

Ana cikin haka abokin aikina, wanda muke kira Dogo, ya gama gyaran hoton da sautin. Ya kira ni in zo in ga aikinsa. Na zauna, ya kunna. Anti, Mama ce.

Bari in rabe miki abin da na sani da abin da nake zato, don ba na son ɗora wa mahaifiyata abin da ban tabbatar ba. Na san fuskar, amma fuska kan yi kama da wata. Na san muryar, ita ma haka. Abin da ba ya kama da na kowa shi ne tabon ƙuna a wuyan hannunta na hagu. Tun muna yara ta ce mana dutsen guga ne. A fim ɗin, daga tsakiya, jarumar tana ɗaure da ƙyalle a daidai wannan wurin. Na tambayi dattijon mai ɗaukar hoto ba tare da na nuna komai ba, ya yi dariya ya ce dutsen guga ne ya ƙone ta ana tsakar ɗauka, ta ƙi a tsaya. Sannan shekarar. An yi fim ɗin shekara ɗaya kafin auren iyayena, shekarar da Mama ke cewa ta yi ta a wurin gwaggonta tana koyon ɗinki. Mama ko maɓalli ba ta iya ɗinkawa. Mun sha tsokanarta da wannan, ita ma tana dariya.

Abin da ban sani ba shi ne dalilin ɓoyewar, da kuma ko Baba ya sani. Mama shugabar makarantar firamare ce, mace mai kamewa. Idan aka sa fim a falo takan tashi ta ce tana da aiki a kicin. Ranar da na samu aikin nan abin da ta ce kawai shi ne Allah ya sa albarka. Baba ba mai zafi ba ne, amma akwai abin da ba ya yafewa da sauƙi: a ce shi ne na ƙarshen jin magana, a gaban mutane. Ya daɗe ba ya magana da ƙaninsa saboda a bakin maƙwabta ya ji ƙanin ya sayar da gidansa. Ga shi yana fama da hawan jini.

Yanzu Baba ya sa mini suna Darakta. Ya shaida wa abokansa, ya kai kayansa wanki da guga. Jiya ya ce, "Darakta, kujerun gaba za ki ajiye mana ni da mamarki, kada ki kai mu baya wurin masu barci." Mama ta tambaye ni wane fim ne, na ce wani tsoho ne. Ba ta sake tambaya ba, ta ce za ta zo. Dattijon shi ma zai zo, kuma ya ce ko cikin kasuwa ya ga yarinyar nan zai gane ta. Shi kuwa Oga kullum da safe sai ya leƙo ya ce, "Malama mai bincike, ina jarumarmu?" Ni kuma in ce ina kan nema. Ƙarya nake yi, kuma ban saba ba.

Na yi tunanin in ce fim ɗin ya lalace, amma Dogo yana da kwafi. Na yi tunanin in ba su Baba ranar da ba ita ba. Na yi tunanin in kwanta ciwo. Kuma zan faɗa miki gaskiya, akwai ɗan haushi a raina. A cikin fim ɗin akwai inda budurwar ta yi wata dariya a bakin famfo, har ta riƙe ciki. Ban taɓa ganin Mama ta yi irinta ba.

In fasa in rasa aikina, ko in bari ta shigo zaure ta ga fuskarta cike da bango, mijinta na gefenta? Ina zan dosa?

Taki,
'Yar fari

AMSA

'Yata, ki natsu. Zaɓin naki ba biyu ba ne kamar yadda tsoro ya nuna miki. Abu ɗaya ne kawai bai kamata ya faru ba: mahaifiyarki ta shiga zauren nan ba ta san abin da ke jiranta ba. Hana wannan yana hannunki, kuma ba ya buƙatar a taɓa fim ɗin.

Ki cire maganar lalata aiki ko kwanciyar ƙarya daga ranki. Fim ɗin ba na Mama ita kaɗai ba ne. Akwai haƙƙin marigayin da ya shirya shi, da dattijon da zai taso da sandarsa, da Dogo da ya ɓata lokacinsa. Kin zaɓe shi tun ba ki san wace ce a ciki ba, saboda yana da kyau. Wannan bai canza ba.

Amma sirrin nata ne. Ba naki ba ne da za ki miƙa wa Oga, ba naki ba ne da za ki kai wa Baba. Kuma kada ki yanke cewa kunya ce ta sa ta yi shiru. Wataƙila iyayenta ne suka hana ta ta ci gaba, abin yana mata ciwo. Wataƙila an cuce ta a wurin. Wataƙila ma mahaifinki ya fi ki sanin labarin. Kin iya rabe sani da zato, to ki bar duk waɗannan a ɓangaren zato.

Gobe, idan Baba ya fita, ki zauna da ita ku biyu. Kada ki je mata da hujjoji kamar mai gabatar da ƙara. Ki bar maganar tabo da ta ɗinki. Kada ki ce me ya sa kika ɓoye mana. Ki ce, "Mama, kin tambaye ni fim ɗin Asabar ban ba ki amsa ba." Sai ki ba ta labarinsa a taƙaice, ki ce mai ɗaukar hoton zai zo, ki ce ba wanda kika gaya wa komai. Daga nan ki yi shiru. Shirun zai yi miki nauyi, ki daure.

Idan ta ce ba za ta je ba, ki bar mata yadda za ta yi da mijinta, ta fi ki sanin hanyarsa. Abin da za ki roƙe ta kawai shi ne kada ta bar shi ya tafi a makance, domin ko ba ta je ba, shi zai ga allon. Idan nauyin faɗa masa ya fi ƙarfinta kafin Asabar, ki nemi Oga ya musanya fim ɗin da na wata mai zuwa. Ɗagewa ba fasawa ba ce.

Shi Oga, ki daina ce masa kina kan nema. Ki ce kin same ta, amma ba ki da izinin faɗar sunanta tukuna. Zai yi ƙorafi. Ba a korar ma'aikaci don ya riƙe amana, in kuwa aka kore ki a kan haka, wurin bai cancance ki ba.

Haushin da kike ji na gane shi. Mahaifiyarki ta yi rayuwa kafin ki zo duniya, kuma ba dole ne ta ba ki dukkanta ba. Ki shirya wa wannan ma: tana iya dubanki ido cikin ido ta ce ba ita ba ce. Kada ki yi musu. Ki ce, "To, Mama." Ta ji ki, ta san abin da ke zauren, sauran ya rage gare ta.

Allah ya sanyaya zukatanku, ya sa ki tsaya gaban jama'a muryarki ba ta rawa.