Ya yi mini takwara, ni kuwa na sa shi ajiye mataccen iri

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi, da fatan kuna lafiya. A ɓoye sunana don Allah. Ku kuma kada ku yanke mini hukunci tun ban kai ƙarshe ba, duk zagin da za ku yi na riga na yi wa kaina.

Ina da shagon taki da iri da maganin feshi a Rano. Na daɗe a harkar, har ta kai in ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa ta shirya bita ni ake miƙa wa lasifika. Ni ke koyar da yadda ake riƙe kwastoma da yadda ake gina suna. In kun ji ni ina zuba kan amana sai ku rantse limami ne. A wajen bitar ne wani matashi daga Tarai, bari in kira shi Habu, ya manne mini. Ya buɗe shago irin nawa a garinsu, ko kwaɗon ƙofa zai sauya sai ya hau babur ya zo ya ce, "Alhaji, ya ka gani?" Da farko da zuciya ɗaya nake ba shi shawara. Sai na lura manoman Kibiya da suka saba zuwa wajena sun koma tsayawa wajensa. Ran nan wani dattijo ya ce mini, "Ai yaron nan naka ya hutar da mu zuwa Rano." Na yi dariya, amma daga ranar na fara yi masa baƙin ciki.

Da damina ta ƙare ya zo da tambaya: wani dila ya yi masa tayin ragowar irin masara da araha, ya kwashe ya ajiye zuwa baɗi? Na san amsar sarai. Shagonsa rufin kwano ne ba sili, irin da ya sha zafin bazara a ciki ba ya tsirowa, sai dai ka shuka ka yi ta kallon ƙasa. Amma me bakina ya ce? "Kwashe duka, Habu, babban ɗan kasuwa hangen nesa gare shi." Har da dafa masa kafaɗa! Wannan wane irin hali ne? Tir da ni.

Makon jiya matarsa ta haihu, na je suna. Ina zaune aka raɗa wa yaro suna, sai na ji nawa. Habu ya riƙe hannuna a gaban mutane ya ce, "Alhaji, ba ni da abin saka maka, shi ya sa na yi maka takwara. Allah ya sa ya ɗauko halinka." Kowa ya ce amin. Ni na kasa. Naman sunan ma na kasa kai shi baki.

Yanzu ga hadari ya fara haɗuwa, manoman Tarai sun fara tambayarsa iri. In na yi shiru, za su yi asarar shukar fari, sunansa ya mutu, su dawo shagona. Abin da ya fi ba ni ƙyamar kaina shi ne har yanzu akwai wani lungu a zuciyata da ke son hakan. In kuma na ce kada ya sayar, zai tambaye ni tun yaushe na sani, kuma ba ƙaramin jari ya zuba ba. Da wane baki zan ce masa tun ranar da na dafa kafaɗarsa?

Jama'a, kafin ruwa ya sauka, me zan yi?