Ba Ni Na Ƙona Ɗakin Tafasa Kayan Tiyata Ba

Zuwa ga: Mai girma Shugaban Hukumar Gudanarwar Asibiti
Daga: Babban Ma'aikacin Lantarki, Sashen Gyare-gyare
Kwanan wata: Litinin, 10 ga Afrilu, 2023

Game da: Dakatar da ni daga aiki bisa zargin haddasa gobarar ranar 23 ga Maris

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman izinin gabatar da ƙorafina a kan takardar dakatarwa da aka miƙo mini ranar 27 ga Maris. Shekarata goma sha tara ina aikin wuta a asibitin nan, ba a taɓa ba ni takardar tuhuma ba, ko ta makara. Ga yadda abin ya faru.

1. Ranar Litinin, 6 ga Maris, aka kawo sabon injin tafasa kayan tiyata, Injiniyan Sashe ya umarce ni in jona shi a layin da tsohon injin yake kai. Kafin in jona, na sa mita na auna. Wutar layin bolt 240 ce, injin kuma yana jan amfiya 12. Idan aka ninka bolt da amfiya ana samun ƙarfin wutar da injin ke ci, wato wat 2,880. Tsohon ma haka yake ci. Su biyun sun zama amfiya 24, wat 5,760. Wayar layin kuwa amfiya 15 aka yi ta ta ɗauka, iyakarta wat 3,600. Yallaɓai, wannan lissafi ne da ake koya wa ɗan koyo a watansa na farko.

2. Washegari na rubuta wannan lissafi, na nemi a ja sabon layi, na kai ofishin Injiniya. Sakatariyarsa ta buga hatimi ta ba ni kwafi. Amsar da na samu ta baki ce, a gaban ma'aikata huɗu: wai shi ya yi jami'a, ni kuwa a bakin titi na koyi murɗa waya, in jona ko in ajiye kayan aiki. Na jona. Wannan shi ne kuskurena, kuma ban ɓoye shi ba.

3. A makon da na jona injin, fis ɗin layin ya tsinke sau uku. Aikinsa ke nan, ya tsinke kafin waya ta yi zafi. Ranar 13 ga Maris Injiniya ya ce in cire shi in ɗaura wayar jan ƙarfe mai kauri a gurbinsa, don likitoci sun dame shi da ƙorafi. Na ƙi. Ya karɓi filayata ya ɗaura da hannunsa, wata mai shara tana tsaye tana kallo.

4. Ranar Alhamis, 23 ga Maris, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, wayar ta kama da wuta a cikin silin. Baiwar Allah da ke wanke kayan tiyata, dattijuwa mai jikoki, ta kai hannu ta fizge filogi, robar da ta narke ta zubo mata daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu. Har yau ba ta iya riƙe cokali. Mata biyu da aka shirya yi wa tiyata aka ɗauke su a mota zuwa wani asibiti. Ni na kashe babban makunni, ni na shiga hayaƙin na fito da ita.

5. Rahoton Injiniya ya ce na jona sabon injin ba daidai ba, har abin dumama ruwan da ke cikinsa ya lalace ya ja wuta fiye da kima. Wannan ƙarya ce, ina neman afuwa da kalmar, amma ban sami wata ba. Idan aka raba bolt 240 da amfiya 12, turjiyar da injin mai lafiya ke yi wa wuta, wadda ake aunawa da om, om 20 ce. Bayan gobara na ɗora mita a kansa a gaban Shugabar Ma'aikatan Jinya, ya nuna om 20 cif. Injin da ya lalace ba ya ba da wannan amsa. Injin lafiyarsa ƙalau, yana nan a sito, kowa na iya aunawa. Rahoton bai ambaci takardata ba, bai ambaci wayar jan ƙarfen ba, kwamitin bincike kuma ya zauna ya tashi ba a kira ni ba. Mutumin da ya kamata a bincika shi ne ya shugabanci zaman.

6. 'Yata ta fari tana koyon aikin jinya a wannan asibiti. Yanzu 'yar mai ƙona asibiti ake kiranta a ɗakin canza kaya. Kwana huɗu ta yi ba ta fita ba, sai da mahaifiyarta ta raka ta har bakin ƙofa. Ni zan iya jure zaman gida. Ban ga abin da yarinyar nan ta yi wa kowa ba.

Saboda haka ina roƙon mai girma Shugaba:

A kafa sabon kwamiti wanda babu Injiniyan Sashe a ciki, a kira ni, a kira mai shara da Shugabar Ma'aikatan Jinya. A kawo injiniya daga waje ya sake lissafin nan. Idan ya sami kuskuren amfiya ɗaya, a kore ni. A janye dakatarwar a rubuce, a manna a allon sanarwa inda aka manna ta farkon. A kula da jinyar dattijuwar nan yadda ya kamata.

Akwai na ƙarshe, kuma ya fi sauran gaggawa. Abokan aikina sun sanar da ni cewa ranar Juma'ar da ta wuce an ƙara kwalaben dumama jarirai biyu a ɗakin bakwaini, fis ya tsinke, an yi masa irin wancan ɗaurin. An hana ni shiga harabar asibiti, ba zan iya zuwa in cire ba. Ko da ba za a karanta sauran takardar nan ba, don Allah a tura mutum yau ya buɗe akwatin wutar ɗakin. Jarirai tara ne a ciki.

Na haɗa da kwafin takardata ta 7 ga Maris mai hatimi.

Allah ya ƙara wa mai girma Shugaba lafiya da adalci.

Naka mai biyayya,
(sa hannu)
Babban Ma'aikacin Lantarki, Sashen Gyare-gyare