Sunan Inna a Jikin Kwali

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar ƙaramin, kumburin ya sauka? Ni ma lafiya, alhamdu lillahi.

Shekara bakwai da wata huɗu ke nan rabona da gida, ban taɓa rubuto miki abin da ya wuce layi biyar ba. Yau sai ki yi haƙuri. A waya na ce miki Inna ta sauka lafiya, na kashe. Ba ƙarya na yi ba, amma da sauran magana.

Tun da likitan ido na nan ya sa ranar da zai yi wa Inna aiki nake juya yadda za a ɗauko ta daga filin jirgi. Ranar saukarta ina bakin aiki, a ɗakin wankin otal ɗinmu kuwa in ka fita an cire maka kwana guda cikin hutunka, ni kuma ina tattalin hutun don jinyarta. Ya rage ko tasi, ko motar kamfani da ake biya tun kafin matafiyi ya taso. 'Yan tasi na san su. Ranar da na fara zuwa garin nan, ɗayansu ya zaga da ni kamar ya ɗauko ɗan yawon buɗe ido, ya sauke ni aljihu a bushe. Sai na zaɓi kamfani. Suka ce direba zai tsaya a bakin ƙofar fitowa riƙe da kwali mai sunanta. Har na duba sau biyu kada a rubuta sunan ba daidai ba.

Auta, matar da za a yi wa aikin ido na tura wa kwali ta karanta. Matar da ko lokacin da take zura zare a allura ba ta san baƙi ba. Mako uku ina lissafin komai, wannan bai faɗo mini ba.

Direban bai yi laifi ba. Ya tsaya awa guda yadda ƙa'idarsu ta ce, ya kira ni sau shida, wayata tana kulle a loka don ba a shiga da ita wajen injuna. Ya tafi. Inna kuwa ta riga ta sallami ma'aikaciyar da ta kawo mata keken turawa, wai ƙafafunta lafiya lau, ido ne ya gaza. Kin san halin tsohuwarki. Ta wuce ta gaban sunanta, ta sami gefen bango ta zauna a kan akwatinta. Layin wayarta ba ya aiki a nan.

Da na tashi aiki na ga kiran, na je filin jirgin. Na duba kujeru, na duba bakin banɗakin mata, na tambayi masu gadi. Zan so in ce miki hankalina ya tashi, amma ban ji komai ba. Ƙafata ce kawai ke tafiya, har mai gidan hayarmu ya kira ya ce ga wata tsohuwa a ƙofarsa.

Wani dattijo ɗan tasi ne ya kawo ta. Sau uku yana kai fasinja yana dawowa yana ganinta a wuri ɗaya, a na huɗu ya bar layinsa ya je. Ba ya jin yarenta, ba ta jin nasa, sai ta miƙa masa takardar adireshin da kika sa mata a jaka. Wannan dabarar taki ce, na yarda kin fi ni kai. Na tarar da su zaune a matakala, ya sayo mata ruwa, tana ba shi labarin jikokinta yana gyaɗa kai. Ya karɓi abin da mitarsa ta nuna, har da kuɗin jira. Haƙƙinsa ne.

Ta shafa fuskata da hannu biyu ta ce na rame, gemuna kuma kamar tsintsiya. Ba ta yi faɗa ba. Da na kawo zancen kwalin sai ta ce ita ba ta san da wani kwali ba, kin faɗa mata amma ta ɗauka wasa kike. Muryata take ta saurare cikin mutane, awa biyar. Ta faɗa, ta nemi a nuna mata alƙibla.

Jibi za a yi aikin, ido na dama tukuna. Ki gaida kowa. Hutun da na tara kwana goma sha ɗaya ne, suna nan cif, ban taɓa ko ɗaya ba.

Naki,
Yayanki Dogo