Muryar Baban Habsu

Litinin, 4 Maris 1996
Baban Habsu ya dawo daga asibitin Libiya, ƙanensa Ibram ya rako shi. Saboda ciwon daji sun cire masa inda murya take fitowa, sun bar rami a wuya, yana rufe shi da ƙyalle. Sun haɗo shi da wata na'ura kamar tocila. Sai ya danna ta ƙarƙashin haɓa, ta yi ƙugi, ya motsa baki, magana ta fito. Ya kira sunana, ya ce, "Shafa, na same ku lafiya?" Wallahi ja da baya na yi. Kuma ya gani.

Asabar, 9 Maris
Mutumin da ko gaisuwa sai ya cusa tsokana a ciki! Yanzu wasa da faɗa duk ƙugi ɗaya ne, kamar ƙudan zuma a gwangwani. Maƙwabta sun cika gida wai sannu da zuwa, alhali kallo ya kawo su. Maƙwabciyata Yabawa har da cewa, "A sake kunna shi mu ji." Kunna shi! Mijina ne ko radiyo? Na kore ta. Amma ni ɗin me na fi ta?

Laraba, 20 Maris
Lokacin da yake tuƙin kamyo, babbar motar kaya, a Sabha ta Libiya, kaset yake aiko mini maimakon takarda. Guda ɗaya ya rage. In na taso daga koyarwa a lakwal, yana zaure, sai in kulle ɗaki in sa. In na rufe ido, ga mijina nan, yana dariya, yana cewa miyar Larabawa ta sa ya yafe wa tawa. Na zauren kuwa, Allah ya yafe mini, baƙo nake ganinsa.

Talata, 2 Afrilu
Na manta ban sa sakata ba. Ya tsaya bakin ƙofa yana jin kansa har kaset ya ƙare. Ya ciro na'urar daga aljihu, ya aza ta kan radiyon, ya fita.

Alhamis, 11 Afrilu
Shiru. Komai da hannu yake nunawa. Na kai masa na'urar tare da tuwo, ta dawo tare da kwano. Habsu ta tambaye ni me na yi wa babanta. Na daka mata tsawa, na ce ƴar banza, sai ka ce ƙarya ta yi.

Lahadi, 28 Afrilu, Sallar Layya
Ibram ya ce a bar masa yankan. Ina! Tunda muka yi aure babu wanda ya taɓa yanka masa rago. Aka kayar, ya kama haɓar ragon da hagu, wuƙa a dama, sai ya tsaya cak. Shi ba ya yanka sai ya ɗaga murya da bisimilla, ga hannu biyu duk a cike. Malam ya ce ta zuci ma ta isa. Ya girgiza kai. Ban yi shawara da kowa ba, na ɗauko na'urar, na ratsa cikin maza, na durƙusa na danna masa a wuya. "Bismillahi, Allahu akbar." Maganar ta bi hannuna har kafaɗa. Da ya gama ya riƙe mini hannu a wurin, ya ce, "Kin danne ni kamar ni ne ragon." Na yi dariya, na shige madafa na yi kuka.

Juma'a, 14 Yuni
Ciwon ya dawo. Likitan Damagaram ya ce mu koma Gure mu yi ta addu'a. Surutu yanzu ba a magana, ni nake riƙe masa na'urar don hannunsa ba ƙarfi. Na gane in zolaya ce girarsa ta hagu tana ɗagawa. Ashe tun farko tana ɗagawa, ni ce ba na kallo. Kaico, wata biyu na ɓata.

Litinin, 22 Yuli
Da hantsi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Talata, 6 Agusta
Ibram ya ce in ba shi na'urar, ko wani mai irin lalurar zai amfana. Gaskiyarsa ce. Na ce ta lalace. Ina cikin takaba ina ƙarya! Habsu ta kawo kaset wai mu ji muryar babanta, na ce ta je ɗakinta ta ji, kaina yana ciwo. Da la'asar ina gyara kayansa, don in ga ko tana aiki kawai, na danna ta a wuyana, na motsa baki na ce, "Shafa." Muryarsa sak. Ban san lokacin da na ce na'am ba.