A Daina Kai Baƙi Ɗakin Allura

Zuwa ga Shugaban Sashen Kimiyyar Sinadarai,

Ranka shi daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, da iyali. Ni ce ɗalibarka 'yar Kajiji, mai koyarwa a Bodinga, wadda anka ba hutun ƙaro karatu. Na yi magana a ofis ba a ji ba, shi ya sa na rubuta a fili. Wallahi tsoro nake ji.

Na farko. Ka san aikina: ƙwayoyin sinadari masu jera kansu da kansu, shimfiɗa ɗaya tak, a kan ɗan farantin zinariya. Ina auna tsayuwarsu, a miƙe suke ko a karkace, kamar karan gero bayan iska. Na'urar da nake awon da ita tana da allura mai tsinin da ido ba ya gani. Ba ta taɓa farantin. Shawagi take a samansa, 'yar wutar lantarki na tsallaka ratar, daga nan hoto ke fitowa. Ko takun mutum yana girgiza ta.

Na biyu. An mai da ɗakin na'urar nan wurin kai manyan baƙi. Wani dattijo mai kirki da anka kawo bayan salla ya yi masha Allah, ya bubbuga teburin na'urar da hannu kamar mai taya bijimi a kasuwa. Allurar ta soki farantin. Aikin damina guda ya tafi, ni kuwa ina durƙushe ina gaisuwa. Wa ya isa ya hana babba?

Farantina ɗaya ya rage. Hutuna zai ƙare kafin a kawo wasu, an kuma ce ba ƙarin hutu. In ya lalace, Bodinga zan koma hannu Rabbana.

Na uku. Na ji za a kawo ayarin malamai daga Shagari, har da malamin da ya biya mini allo ina ƙarama. Idonsa ya yi rauni, da hannu yake duba abu yanzu. 

Roƙona, a rufe ƙofa lokacin awo, a nuna wa baƙi hotunan a zaure. Ka faɗa da bakinka, kai za a ji ba tare da an ga raini ba. In ba haka ba, ranar ko dai in yi shiru karatuna ya salwanta, ko in kama hannun malamina a gaban jama'a. Ban san wanne zan yi ba, wannan ne kuma ya fi ba ni tsoro.

Allah shi ƙara girma, shi raba ka da irin wannan zaɓi.

Wassalam.
Ɗalibarka, Hajaru.