Tsaga Uku a Ƙofar Tasha

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya ƙafar taki? Yaya yara?

Kin ji za a gyara tsohuwar tashar jirgin ƙasa. To, Autanmu aka ba aikin katakon. Autan da ni na koya wa riƙe zarto! Yanzu har da hular kwano yake yawo, injiniya na tambayarsa shawara. Ban taya shi murna ba, kuma ba zan ɓoye miki ba, kishi nake. Kullum sai na je bakin shingen wurin aikin na tsaya ina kushe aikinsa.

Akwai abin da ya fi wannan ci mini rai. Shekara talatin ana nuna babbar ƙofar tashar ana cewa aikina ce, da sunanta nake samun aiki. Yaya, ba ni na haɗa ta ba. Sau biyu ina ɓata katakon, Baba ya karɓa ya haɗa da hannunsa, ya ce na yi shiru. Kin san al'adarsa: duk abin da ya haɗa sai ya yi tsaga uku a cikin mahaɗin, inda ido ba ya kaiwa. Ranar Litinin Auta zai warware ƙofar.

Ki gaida kowa.

Ƙanenki,
Kafinta

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa, ina fata sauƙi ya samu.

An warware ƙofar. Ina bakin shinge na ga Auta ya ciro katakon sama, ya leƙa mahaɗin, ya sa yatsa ya shafa tsagar Baba. Ya daɗe a tsugune. Ya ɗago, muka haɗa ido. Sai ya shafe wurin da gam, ya mayar da katakon tun kafin ma'aikatansa su matso.

Jiya aka buɗe tashar. A gaban jama'a ya kamo hannuna, ya gaya wa injiniya cewa ga mai ƙofar, shi goge ta kawai ya yi. Aka yi ta tafi.

Kina tsammanin na huce? Na san kaina, Yaya. Da ni na ga tsagar nan a aikinsa, da kafin la'asar duk kasuwa ta ji. Na yarda ya fi ni hannu, na haƙura da wannan. Ashe har zuciya ma ya fi ni, kuma ita ban san inda ake koyonta ba.

Ya aiko na je cin abinci gobe. Ki gaya mini da wane ido zan dube shi.

Ƙanenki,
Kafinta